Gyaran tsohon gida ya zarce lissafi: magini ne ke cutata, ko haka gyara yake?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a cikin birnin Kano, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. An sa ranar aurena, sai na ce bari in gyara sashena: ɗaki da falo, a sa tayil, a canja silin, a yi fenti, a kuma fitar da banɗaki a cikin ɗakin. Magini ya yi mini lissafin naira miliyan 3. Yanzu na kashe miliyan 4 da rabi, ko fenti ba a fara ba, kuma kullum da sabon abin da za a ce in sayo. Saura wata 2 biki. Don Allah cutata ake yi, ko haka gyara yake? Kuma ta yaya zan tsayar da wannan zubar da kuɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sanya albarka a auren, ya nuna mana lokacin lafiya.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Kana son sanin ko miliyan ɗaya da rabin da ta ƙaru ta shiga jikin gidan ne ko aljihun wani, sannan kana son sanin yadda za ka kai ranar jere ba tare da ka ci bashin da zai biyo ka cikin gidan aure ba. Ban ga gidan ba, ban kuma ji ta bakin magininka ba, don haka ba zan yanke masa hukunci daga nesa ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka inda kuɗin gyara ke bi a irin gidajenmu, da yadda kai da kanka za ka bambance ƙarin da yake na gaskiya da wanda ba na gaskiya ba.

Na daɗe ina aikin gini da gyara, kuma in aka ba ni zaɓi tsakanin in yi lissafin sabon gini daga fili da in yi lissafin gyaran tsohon gida, na farkon zan ɗauka. A sabon gini komai yana kan takarda: tsawon bango kaza, bulo kaza, rodi kaza. Tsohon gida kuwa ba ya faɗin kuɗinsa sai an buɗe shi. Lissafin miliyan 3 da aka yi maka, lissafin abin da ido ya gani ne ranar da magini ya zagaya. Abin da ke bayan silin, da ƙarƙashin daɓe, da cikin bango, ba wanda ya sa shi a ciki, kuma a nan yawanci kuɗin yake.

Abin da silin da daɓe ke ɓoyewa

Mu fara da sama. Mutum zai ce silin kawai yake so a canja, a cire tsohon a sa na roba ko a yi POP, wato silin farar hodar nan da ake kwaɓawa. Ranar da aka cire, sai a tarar gara ta cinye katakon rufi, ya zama hoto, in ka danna da yatsa ya burma. Ba kafintan da zai yarda ya rataya sabon silin a jikin wannan katako, in kuma ya yarda to ba masoyinka ba ne, musamman POP da yake da nauyi. Canja katako kuma yana nufin sauke kwano. Tsohon kwano in aka zare masa ƙusa, ramukan sun buɗe, wani ya yi tsatsa ta gefen da ake ɗora ɗaya kan ɗaya, rabinsa ba ya komawa. Ka ga daga silin an koma sabon rufi, kuma ba wanda ya yi ƙarya a ciki.

Wannan ya taɓa faruwa da ni a farkon fara aikina, kuma har yau ina tuna shi. Na yi wa wata baiwar Allah lissafin gyaran ɗakuna biyu ba tare da na sa tsani na leƙa saman silin ba, saboda daga ƙasa ba tabon ruwa ko ɗaya. Da muka buɗe, katako uku ne kawai masu rai a ɗakin farko. Matar ta riga ta sayar da abin da za ta sayar bisa lissafina. Na yafe kuɗin aikina a kan rufin, amma hakan bai sayo mata katako da kwano ba, sai da aikin ya tsaya wata huɗu. Tun daga ranar ba na ba kowa lissafin gyara sai na hau sama da tocila da ƙaramar guduma, sai na fasa daɓe a kusurwa ɗaya, sai na ɓamɓare filasta a gindin bango na ga abin da ke ciki.

Gindin bango shi ne wuri na biyu. Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari an gina su ne ba tare da shimfiɗa abin tare danshi tsakanin harsashi da bango ba, wato ledar nan da kankaren da ake zubawa kafin a ɗora bulo. Bango yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ruwan ya bushe, ya bar wani farin gishiri da ke kumbura fenti yana marmashe filasta. Shi ne za ka ga ƙasan bango, daga daɓe zuwa kusan ƙugu, yana zubar da gari. In aka shafe shi da sabon fenti, damina ɗaya ta ishe shi ya dawo. Wasu suna manna tayil a wurin don su rufe, sai danshin ya rasa mafita ya hau sama, ya ɓullo a saman layin tayil ɗin. Gyaran gaskiya shi ne a kankare filastar har zuwa bulo, a bar bangon ya sha iska, a nemo inda ruwan ke fitowa, ko kwata ce a bayan ɗaki, ko bututu ne ya fashe, ko indararon maƙwabci ne ke zuba a gindin, a toshe shi, sannan a sake filasta da siminti mai haɗin maganin ruwa. Wannan aiki ne na kwanaki da buhuna, kuma da wuya ka gan shi a lissafin farko.

In kuma bangon na ƙasa ne aka lulluɓe shi da siminti, kamar yadda gidaje da yawa suke a cikin ganuwa, to lamarin ya fi haka. Siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna da kyau. Ƙasa tana sha tana fitar da danshi, siminti kuwa ya rufe ta ruf, sai ruwa ya taru a tsakani. In ka ƙwanƙwasa za ka ji wurin yana amo kamar ganga. Da zarar an taɓa gefe ɗaya, sai faffaɗan ɓangare ya zubo. Magina na kafa ƙusoshi da ragar waya kafin su sake shafawa, yana taimakawa, amma wani lokacin in aka buɗe sai a ga tubalin ya riga ya narke daga ƙasa, bangon ba abin da ke riƙe da shi sai filastar. A nan ba zancen gyara, sai dai a sauke a tayar da na bulo.

Akwai kuma abin da na fi gani a 'yan shekarun nan: titi ko lungu ya fi gida tudu. An zuba kwalta, ko an yi kwata, ko maƙwabta kowa ya yi ciko ya ɗaga nasa, sai tsohon gida ya zama kwari, ruwan Agusta ya riƙa shigowa ta zaure. Kafin a sa tayil dole a yi ciko. To ciko ba ya zuwa shi kaɗai. In ka ɗaga daɓe da taƙi ɗaya, ƙofa ta gajarce, sai an fasa an ɗaga linta. Taga ta sauko, soket ya kusa taɓa ƙasa, silin ya matso kai har fanka ta zama abin tsoro, sai a ce a ƙara layin bulo biyu a sama, wanda ke nufin an sake komawa kan rufi. Abu ɗaya ne ya jawo biyar.

Banɗakin cikin ɗaki

A cikin duk abin da ka lissafa, ina zargin banɗakin nan ne ya fi cin kuɗinka, domin shi ne mutane suka fi rainawa. Ana ganin ai 'yar katanga ce da ƙofa da masai na zama. Amma masai na ruwa yana bukatar bututu mai inci 4 da zai gangara daidai har zuwa rami, kuma gangaren ba a yin sa da ƙiyasi. In ɗakinka yana can ƙuryar gida, sai an fasa tsakar gida an bi da bututun, sannan a mayar da daɓen. Tsohuwar shaddar gidan kuma ba a yi ta don ruwa mai yawa ba, in aka juya mata ruwan wanka da na masai za ta cika cikin ɗan lokaci, ko ta jiƙa ƙasa ta rufta. Sai an haƙa sabon sokawe, a gina shi da bulo, a zuba masa sulab da rodi. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, ramin yana bukatar nisa da ita, aƙalla mita 15, in da hali fiye da haka, kuma a gidan cikin gari samun wannan tazarar kansa aiki ne. Mun taɓa fara haƙa a wani gida muka faɗa kan tsohuwar shadda da aka binne tun zamanin kakanni, ba wanda ya san da ita a cikin masu rai. Sai da muka cike ta muka sake wuri.

Bayan rami sai ruwa. Masai na zama ba ya aiki da buta. Ana bukatar tanki a sama, tanki na bukatar ƙarfen da zai zauna a kai, da injin tura ruwa, da wayar da za ta kai masa wuta. Sannan ƙasan banɗakin da bangonsa sai an yi musu maganin ruwa kafin tayil, in ba haka ba bayan shekara bangon da gadon amarya ke jingine da shi zai fara kumbura.

Wutar lantarki ma haka take. Wayarin da aka yi shekaru talatin da suka wuce an yi shi ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yanzu za a kawo firji, da dutsen guga, da hita, wataƙila da na'urar sanyaya ɗaki. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, soket na son 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita suna son 4 ko sama da haka, kowanne da layinsa. In mai wayarin ya ce a sake, kada ka ja da shi, gobarar da ke tashi cikin silin da tsakar dare yawanci daga nan take. Abin da za ka sa wa ido shi ne ingancin wayar, domin akwai ta jabu a kasuwa wadda aka yi da wani ƙarfe aka shafa mata ruwan tagulla. A kankare bakinta da wuƙa a gabanka, in cikin ya yi fari, a mayar. Kuma a yi wayarin kafin filasta. Na sha ganin an gama shafe bango sumul, sannan mai wuta ya zo da kurfi da guduma ya tsaga shi.

Kuɗin da ba ya shiga takarda

Akwai wasu kuɗaɗe da ba siminti ba ne ba kuma ladan magini ba, amma daga aljihunka suke fita. Gidan cikin lungu tifa ba ta isa ƙofarsa. Za ta juye yashi a bakin titi, ka biya masu baro su shigo da shi, ka biya su kuma su fitar da ɓaraguzai, sannan ka biya motar da za ta kwashe. Kaya ɗaya, dako uku. Ga ruwa: in ba rijiya ko famfo mai zuwa, kurar 'yan ga-ruwa nawa ake sha a rana tsakanin kwaɓi da ban-ruwan filasta? Ga abincin ma'aikata in da shi aka yi ciniki, ga man janareta ranar da mai walda ko mai yankan tayil ya zo ba wuta, ga ƙusa da waya da igiya da faifan yanka da ake aiken yaro ya sayo kullum. Ba wanda ya kai dubu ashirin a cikinsu, amma ka tara na wata biyu ka gani.

Sai tashin farashi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, lissafin gini ya daina daɗewa. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023, ya haura 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. Kayan da ake shigowa da su daga waje ko ake haɗa su da kayan waje, irin su waya da kayan famfo da fenti, suna bin dala. Shi ya sa nake rubuta kwanan wata a kan duk lissafin da na bayar, in ce wa mai gida bayan mako biyu a sake zagaya kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a tambayo. In tsakanin ranar da aka yi maka lissafi da ranar da ka fara sayayya an ɗauki watanni, wani ɓangare na ƙarin daga nan yake. Amma kada wannan ya sa ka tara siminti da yawa don gudun tashi. Siminti ba ya son ajiya, in ya wuce wata uku ƙarfinsa na raguwa, in kuma ya sha danshi ya daskare ya zama dutse. Abin da ake saye a ajiye shi ne tayil, da waya, da kayan banɗaki, da ƙofofi.

Zan faɗi wani abu kuma, ka yi haƙuri da shi. A kusan duk gyaran da na yi, mai gida da kansa yana cikin masu ƙara kuɗin. Kalmar ita ce "tunda an fara". Tunda an fara, a faɗaɗa tagar nan. Tunda an fara, a sa tayil har baranda. Wani aboki ya zo ya ce ai yanzu ba a yayin wannan ƙofar. 'Yan'uwa mata sun leƙo sun ce kicin ɗin bai yi ba. Kowanne a ranar ƙarami ne, kuma da baki ake faɗa wa magini, ba a tambayi nawa zai ci ba. Ka zauna ka tuna tsakaninka da Allah, abu nawa ake yi yanzu waɗanda ba sa cikin maganarku ta farko? Ka ware kuɗinsu gefe kafin ka tuhumi kowa.

Yadda za ka gane ko ana cutarka

Cuta tana faruwa, ba zan kare abokan sana'ata a kan wannan ba. Akwai mai karya lissafi da gangan don ya karɓi aikin, ya san in an fasa ɗaki mai gida ba shi da hanyar komawa baya. Akwai mai ƙara adadin buhuna, akwai mai haɗa baki da mai shago a rubuta rasit sama da abin da aka biya, akwai wanda siminti ke bin sa gida da yamma. Akwai kuma wanda ba macuci ba ne, bai dai iya lissafi ba, hannunsa na da kyau a kan cokali amma kansa ba ya riƙe adadi. Wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda ake zato.

Abu na farko, duk ƙarin da yake na gaskiya yana da wurin da za a nuna maka da yatsa. Ruɓaɓɓen katako yana nan a jibge, bangon da ya narke an gan shi, ramin da aka haƙa yana nan. In aka ce an ƙara buhu goma, ka ce a nuna maka bangon da ya sha su. Magini na gari yana kiran mai gida ya gani kafin ya rufe, yanzu ma da waya a hannun kowa, hoto ya isa.

Na biyu, ka riƙe 'yan alƙaluman nan, za su taimake ka. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10. Filastar cikin ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in bangon a miƙe yake, buhu 4 zuwa 5 ne. Tsohon bango mai tudu da kwari yana iya kaiwa 7 ko 8, saboda sai an cike kwarin kafin a daidaita, amma in aka ce maka 15, akwai tambaya. Daɓen wannan ɗakin bai wuce murabba'in mita 13 da ɗoriya ba. In ka ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, ya zama kusan 15. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, don haka kwali 11 ya ishe ka. Ka sayi tayil ɗinka gaba ɗaya a rana ɗaya, domin in ya yanke ka koma kasuwa bayan wata, ko da sunan ɗaya ne, launin na iya bambanta, ko a ce ya ƙare.

Na uku, buhunan da aka juye a ajiye maka su, ka ƙirga da yamma, ka haɗa da cikakkun da suka rage, ka gwada da abin da aka sayo. Ba wulaƙanci ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin haka. Ni da kaina nake ce wa masu gida su yi, domin yana wanke ni.

Abin da nake ba ka shawara ka yi yanzu

Ka tsayar da aikin kwana biyu. Na san da biki a gaba wannan zai yi maka nauyi, amma kwana biyun za su fi maka amfani fiye da mako biyu na aiki a cikin duhu. Ka samo wani wanda ya san gini, wanda ba shi ne zai karɓi aikin ba, ka biya shi kuɗin dubawa kawai. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin duk maginin da ke hangen zai gaji aikin, sai ya kushe na farko. Ku zagaya ku uku da magininka, ɗaki ɗaki, a rubuta duk abin da ya rage, da adadin kayansa, da ladan aikinsa daban. A wannan zaman ka ce masa ya faɗi duk abin da yake tsoron zai ɓullo, kada ya ɓoye don kunya ko don gudun ɓacin ranka. Tunda an riga an buɗe sama da ƙasa, abin da ya rage a ɓoye ba shi da yawa, lissafin yau zai fi na farko kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Sannan ka jera aikin bisa abin da ba ya jira. Duk abin da ya shafi ruwa da wuta da ƙarfin gini, wato rufi, da danshin bango, da bututu, da sokawe, da waya, a gama shi da kaya masu kyau ko da zai cinye abin da ya rage. Waɗannan in aka yi musu araha, sai an fasa tayil da silin kafin a kai gare su, a biya sau biyu. Ado kuwa yana jira. Silin na roba zai iya tsayawa a madadin POP. Fenti na ruwa mai sauƙi ya isa a shiga da shi, dama sabuwar filasta tana son mako uku zuwa huɗu ta bushe kafin fenti, kuma in aka matsa mata da mai tsada tun tana ɗanya, kumbura zai yi. A shafa mai sauƙin yanzu, bayan damina ta wuce an ga yadda bangon ya yi, a yi wanda ake so. Tayil ɗin baranda, da fitilun ado, da kabad ɗin kicin, duk za a iya yin su kuna ciki.

Ban ba ka shawarar korar magini a tsakiyar aiki ba, sai in ka kama shi da sata ƙuru-ƙuru. Sabon da zai zo zai ce a fasa wasu abubuwan, kuma in matsala ta fito daga baya kowa zai ɗora wa ɗan'uwansa. Abin da za ka canja shi ne tsarin biya. Kayan aiki kai za ka saya, ko wani naka da ka yarda da shi, magini ya raka ka don ya zaɓi mai kyau. Ladan aiki kuma a yi shi jinga, mataki mataki: an gama filasta a biya, an gama tayil a biya. Kada kuɗin da ka bayar ya riga aikin da aka yi, domin ranar da ya riga shi, ranar za ka fara jin wayarsa a kashe yana wani aikin. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 har sai an sakar wa bututu ruwa, an kunna kowane soket, an watsa ruwa a banɗaki an ga inda yake gangarawa. Ku rubuta wannan a takarda da shaidu biyu. Mutanenmu na jin nauyin rubutu tsakaninsu da wanda suka sani, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk wani canji da zai zo bayan haka, a faɗi kuɗinsa kafin a taɓa.

A kan sabon lissafin, ka ware wani abu ka ajiye wanda magini bai san da shi ba. Ni a sabon gini kashi 10 cikin 100 nake cewa a ware, a tsohon gida kuwa kashi 25 zuwa 30 tun kafin a fara. Kai da aka riga aka buɗe naka, kashi 10 zuwa 15 na abin da ya rage zai wadatar in Allah ya so. In kuɗin hannunka bai kai lissafin da wannan ajiyar ba, to aikin za a rage, ba ajiyar ba.

Abu biyu da suka wuce aikin magini

Ka ce gidan na gado ne. In ba a raba ba, kana zuba miliyoyi ne a cikin dukiyar da kai da sauran magada kuka yi tarayya a kanta. Yau kowa na murna da aurenka, amma ranar rabo za a yi wa gidan kuɗi ne yadda yake, har da gyaranka a ciki, kuma na ga zumunci ya lalace a kan irin wannan. Ka tara 'yan'uwa, da wani babba a dangi ko malamin da ya san rabon gado, a amince a rubuce cewa ga abin da ka kashe, ga kuma yadda za a yi da shi in an zo rabo. Ka adana rasit ɗinka duka. Hukuncin kansa na malamai ne, ni dai na san rasit da shaidu suna sauƙaƙa musu aiki.

Na biyu, in a cikin gyaran akwai cire bango don a haɗe ɗaki da falo, ko faɗaɗa ƙofa sosai, ko tunanin ɗora bene nan gaba, wannan ya wuce idon birkila, kuma ya wuce abin da zan iya ce maka ta rubutu. Injiniyan gini ne zai zo ya ga abin da bangon ke ɗauke da shi. Irin wannan canjin a Kano yana bukatar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, kuma in katangar ta haɗa ku da maƙwabci, ko sabuwar taga za ta kalli tsakar gidansa, ka same shi tun kafin a sa guduma, in ya so da mai unguwa a wurin. Aikin da aka tsayar saboda ƙorafin maƙwabci yana cin kuɗi yana zaune, ga siminti na daskarewa, ga ma'aikata sun watse.

Tunda saura wata 2, yau ɗin nan ka ɗauki awo: faɗi da tsawon ƙofar ɗaki da ta falo bayan an yi ciko, da faɗin lungunku a inda ya fi matsewa, da tsawon bangon da gado da wadrob za su jingina bayan banɗaki ya ci nasa. Ka aika wa dangin amarya kafin kafinta ya gama kayan ɗaki. Na taɓa fasa ƙofar da muka gama fentinta da kwana uku, ana gobe jere, saboda kujera ta ƙi shiga.